Ba A Naɗa Wa Gawa Rawani

Daren jiya na yi wani irin mafarki, kuma har yanzu da nake zaune ina kurɓar koko bakina ɗaci yake yi. Amma kafin in ba ku labarinsa sai kun san ko ni wane ne, in ba haka ba za ku ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Sunana Lawandi, tsohon malamin firamare ne ni a Kwarin Ɓaure. Ina cikin Ƙungiyar Tuna Mazan Jiya, wadda take tara manya-manyan magidanta su sa sulken marafan kwalba da kwalkwalin tsohuwar langa, su ɗauki takubban katako, su kwaikwayi yaƙe-yaƙen da aka yi tun kafin bindiga ta shigo ƙasar nan. Ku yi dariyarku, mun saba. Ƙungiyar tana da uwa a babban birni, a ƙarƙashin uwa akwai shiyyoyi, a ƙarƙashin shiyyoyi akwai rassa. Rassan ma ba ɗaya suke ba: akwai mai darajar birni, akwai mai darajar gari, akwai mai darajar tunga. Namu tunga ne, kuma tun da muka kafa shi, ni da aminina Gwadabe, Allah ya jiƙansa, bai taɓa matsawa ko taƙi ɗaya ba.

Dalilin kuwa ga shi. Ranar da aka karɓi rassa, an tambayi kowa tarihin garinsu. Kowane reshe ya miƙe ya buga ƙirji ya ce ai kakanninsa ba a taɓa cin su da yaƙi ba. Da aka zo kanmu muka faɗi abin da tsofaffi suka faɗa mana, cewa an taɓa cin Kwarin Ɓaure, an ƙone rumbuna, an kora shanu. Wallahi har tafi aka yi mana. Ashe murna suke yi sun samu wanda za su riƙa kashewa. Tun daga ranar, duk reshen da zai yi wasansa mu ake aika wa mota, mu je mu mutu mu dawo.

Ƙungiyar tana da doka biyu da ba a wasa da su. Ta farko, wanda takobi ya taɓa ya faɗi, ba ya motsi sai an busa ƙaho, in kuwa ya motsa ya ɓata tarihi, korarsa ake yi. Ta biyu, naɗin sarauta a filin daga ake yin sa, da zafi-zafinsa, kafin a busa ƙahon, wai haka mazan jiya suke yi. To ku haɗa biyun nan ku gani. Duk rawanin da aka taɓa naɗawa a ƙungiyar nan ina kwance aka naɗa shi, kumatuna a ƙasa, an tsiyaya mini zoɓo a wuya wai shi ne jini, cinnaku suna bin zaƙin.

Asabar mai zuwa ce babban taron shekara, kuma likita ya ce gwiwoyina ba za su ƙara ɗaukar wata faɗuwa ba bayan wannan. Abu ɗaya nake so a duniyar nan, ba na kuma jin kunyar faɗarsa: ina so in ji rawani a kaina kafin in rataye takobi. Ko da na Garkuwa ne, wanda shi ne ƙarami a cikin sarautunmu. Da wannan a raina na kwanta.

Sai ga ni a kan wata doguwar hanya, sanye da sulkena, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama. Mutane sun juya lemominsu ƙasa suna tafiya a tattale, wata mata ta kifa bokiti a saman kanta tana tara. Ƙafar wandona ta jiƙe sharkaf, hulata kuwa a bushe. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai kada marafan kwalbar nan su yi tsatsa kafin Asabar.

Na iso wani birni. An nannaɗe ganuwarsa kamar tabarma an jingine ta a tsakiyar gari, gidaje sun kewaye ta suna gadinta. Ƙofar birnin tana tsaye ita kaɗai a fili, babu bango dama babu bango hagu, amma kowa sai ya bi layi ya shiga ta cikinta. A bakin ƙofar wani mutum yana zaune a kan buzu yana mayar da gyaɗa cikin ɓawonta yana rufewa. Da na matso sai na ga Gwadabe ne, wanda muka kai makwancinsa a daminar bara.

Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa, ya ce na rame. Sannan ya gyara zama irin na mai aiki, ya ce aikinsa ne ya tambaye ni, a raye na zo ko a mace, don ƙofar kowanne daban. Na ce ya danganta da ranar, in Asabar ce to a mace nake. Ya ce ai a garin nan kullum Asabar ce.

Ya buɗe mini wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikin babbar, wadda sai ka durƙusa za ka wuce. Ina rarrafawa na kasa haƙuri na tambaye shi yaya mutuwa ta gasken take.

"Ta fi sauƙi," in ji shi. "Sau ɗaya ce, kuma ba wanda ya taka mini hannu."

Na so in gaya masa abin da ƙungiya ta yi da ya rasu, sai na fasa, don kada in ɓata masa rai. Ba su aiko da ko ƙyalle ba. Mutum ɗaya ne ya zo ta'aziyya, Alhaji Wada mai sayar da taya, shugaban reshen Birnin Kuka, mutumin da ya fi kowa kashe mu. Ana shafa fatiha, hannu bai gama sauka daga fuska ba, ya matso kusa da kunnena ya ce to yanzu wa zai riƙa faɗuwa a bakin ƙofa, tunda marigayi ya iya wannan faɗuwar. Na haɗiye wannan maganar a lokacin, har yau tana nan a maƙoshina.

Sai ga ni a ofishin uwar ƙungiya. Awaki ne ma'aikatan. Kowace tana da tebur da kujera mai juyawa, suna ta kai da kawo da kofato ƙwas-ƙwas a kan siminti. Fankar sama tana zuƙe iskar ɗakin tana fitar da ita waje. An ɗaura igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan, an shanya rawuna farare tas, suna ɗigar da ruwa zuwa rufi. Idona ya kasa barin igiyar nan, kamar mai azumi a gaban mai tsire.

A ƙarshen ɗakin wani ƙaton bunsuru ne da tabarau, gemunsa har kan tebur, ƙahonsa ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi ne Magatakarda. Yana tauna gefen wani rawani a hankali, don a can kowane rawani sai ya bi ta bakinsa kafin a naɗa shi. Warinsa kuwa ba a magana. Na cire takalmi, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na ce ranka ya daɗe. Ni Lawandi, da na koyar da rabin garinmu karatu, ga ni a gaban bunsuru ina ranka ya daɗe. Kuma ban ji wani bambanci da na ido biyu ba.

Ya tambaye ni reshe. Da na ce Kwarin Ɓaure sai duk awakin suka daina tauna, suka miƙe tsaye. Magatakarda ya cire tabarau ya ce ashe yau manyan baƙi gare su. Ya ce a duk faɗin ƙungiya babu masu mutuwa kamarmu. Reshen kaza an gwada su, da an kashe su sai su riƙa tari. Reshen kaza kuma gawarsu har waya take amsawa. Amma mutanen Kwarin Ɓaure in sun faɗi sun faɗi, ko jaki ya bi ta kansu ba sa ko ƙifta ido. Ya ce ni musamman ana ba sababbin shiga misali da ni.

Na ce na gode, ranka ya daɗe, amma yabo ba ya rufe kai, rawani na zo nema.

Ya mayar da tabaransa. Ya yi mini bayani a natse, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce ba a naɗa wa gawa rawani, don rawani sai an zagaya kai da shi, kan gawa kuwa rabinsa yana ƙasa. Na ce to ga ni a raye, a naɗa mini yanzu. Ya ce a'a, bisa tarihin da mu da kanmu muka kawo, babu namijin da ya tsira a Kwarin Ɓaure, saboda haka duk wani rayayye da ya ce daga can yake kuskure ne, ƙungiya kuwa ba ta naɗa kuskure.

"To ni mene ne, ranka ya daɗe?"

"Kai ginshiƙi ne," in ji shi, ya ci gaba da tauna.

Da na ƙi tashi, ya ce ai ma uwa ba ta sauraron koke sai ya biyo ta shiyya. Namu reshen yana Shiyyar Gabas, saboda haka in nufi yamma, in hau matakala har in kai ƙasa.

Ofishin shiyya a cikin wata rijiya yake, busasshiya, don ruwanta ya daɗe da tafiya sama. Wata akuya ce mai ɗankwali take riƙe da shi, 'ya'yanta biyu suna tsotso tana aiki. Ranar ranar awon rassa ce. An kawo kowane reshe a cikin kwando, mutanensa ƙanana kamar 'yan tsaki, ana ɗora shi a kan sikeli. Wanda ya fi rashin nauyi shi ake ƙara wa daraja. Na ga an ɗora wani reshe da aka kafa shekaran jiya, mutum huɗu ne a ciki da ganga ɗaya, iska ta ɗan kaɗa shi, nan take aka ce ya zama birni.

Aka kawo namu, awaki uku ne suke jan sa. Na leƙa. Duk mutanena ne, ga mai wanki, ga direba, ga tsohon ma'aikacin asibiti, kowa a kwance yadda na koya masa, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, baki a ɗan buɗe. Babu wanda ya sa su, babu yaƙi, babu 'yan kallo, amma suna kwance. Raina ya yi baƙi ƙirin. Aka ɗora kwandon, sikelin ya yi ƙara ya lotsa. Akuyar ta girgiza kai ta ce tunga.

Na tambaye ta me reshe zai yi ya tashi daga tunga. Ta ce ya ci yaƙi ko sau ɗaya. Na ce yaya za mu ci yaƙi alhali tarihi ya ce an ci mu. Ta ce sai a gyara tarihin. Na ce to a gyara. Ta ce reshe mai darajar birni ne kaɗai yake da ikon neman gyaran tarihi. Ta faɗi wannan tana lashe kan ɗanta, ko kallona ba ta yi ba.

Amma ta ce shiyya ba ta manta da mu ba. An yanke shawara bana za a saya mana tabarmi, mu riƙa mutuwa a kansu. Na ce ta riƙe tabarminta. Na gaya mata an daɗe ana ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse, to na dafa, ya nuna luguf, sai dai romon wani ne yake sha. Ta ce wannan ba koke ba ne, karin magana ce, ofishin karin magana kuwa yana wata rijiyar.

Ina cikin haka inuwa ta rufe bakin rijiyar. Alhaji Wada ne yake saukowa. Rawunan da aka naɗa masa duk suna kansa, ɗaya bisa ɗaya, na Jarma, na Sarkin Yaƙi, na Barde, har na wasu sarautun da don shi aka ƙirƙiro su. Tsawonsu ya kai rumbu, an tokare su da gora ta baya don kada su rinjaye shi. Kowanne na san ranarsa. Na san filin da na kwanta, na san ƙayar da ta soke ni, na san inda ya kai sara ya kuskure ni da kamu guda amma na faɗi don kada a yi masa dariya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai da Alhaji Wada shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na samu abin zagi. Ya rungume ni, ya ce Malam Lawandi na kaina, ya tambayi gwiwa, ya ce zai aiko mini da man zafi. Da akuya ta gaya masa abin da ya kawo ni, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce wannan zalunci ne, shi bai taɓa lura ba. Ya dafa ƙirji ya ce reshensa birni ne, yana da baki, bana sai an kira sunana ko a fasa taron.

Kun san ɗan Adam. Nan take na ji na yafe masa maganar ta'aziyya. Har na kama masa gorar muka hau tare.

Sai ga mu a filin daga. 'Yan kallo sun cika, sun ba filin baya suna kallon wata bishiya, suna ta shewa. Ruwa yana ta hawa. Rassa sun yi sahu da tutocinsu, na birni a gaba a kan darduma, na gari a bayansu, mu kuma a can gefe kusa da inda ake zubar da shara. Magatakarda yana zaune a rumfa, a gabansa an ajiye faifai, a kan faifan akwai rawani guda ɗaya, fari, an gama taune gefensa. Na san nawa ne. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ta saurayin da ya je zance ranar farko.

Aka kaɗa ganga, muka yi kukan kura muka tasar musu kamar yadda muka saba, muna ihu muna kiran sunayen kakanninmu. Wannan ɗan gudun shi ne duk rabonmu a wasan, kuma ina son sa, ba zan ɓoye ba. Mutanena suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Wada ya taho yana haki, rawuna suna rangaji, ya kai mini sara. Takobin ya wuce ta can wani wuri. Na saki garkuwa, na juya sau ɗaya, na sauka a kan gwiwoyina, na ji sun yi ƙara kamar an karya kara, na kifa. Wata akuya ta zo ta tsiyaya mini zoɓo. Alhaji Wada ya ɗora ƙafarsa a bayana, kamar yadda tarihi ya tanada.

Fili ya yi tsit. Sai na ji muryar Magatakarda. Ya ce uwar ƙungiya ta duba ta ga akwai mutum ɗaya da tun da aka kafa ta bai taɓa motsi kafin a busa ƙaho ba, ko a rana ko a ruwa, ko da kunama ta harbe shi. Saboda wannan, kuma saboda wannan kaɗai, an ba shi sarautar Garkuwa. Za a kira shi sau uku ya taso ya karɓa. In bai taso ba, sai a naɗa wa tsayayyen da ya fi kusa da shi, don rawani ba ya komawa gida.

"Lawandi na Kwarin Ɓaure!"

Kai, sunan nan ya yi daɗi a bakin bunsuru. Hawaye ya fito mini, ya bi ta goshina ya hau sama. Sai kuma na tuna ba a busa ƙaho ba. In na tashi na motsa kafin ƙaho, abin da aka ba ni sarautar dominsa ya rushe, kuma korata za a yi a gaban mutanena. In na kwanta, ga ƙafar Alhaji Wada a bayana. Gaba kura, baya sayaki. Na ce a raina bari in ɗan jira, ai dole wani ya lura, dole wani mai hankali ya ce a busa ƙahon tukuna.

Ba wanda ya lura. Sai na ji ƙamshin gyaɗa kusa da hancina. Gwadabe ne ya tsuguna a gefena, shi da yake ba ya cikin masu doka yanzu. Ba tare da na motsa leɓe ba na roƙe shi ya je ya busa ƙahon. Ya ce in ɗan buɗe ido in duba rumfa. Na duba ta ƙasan gira. Ashe ƙahon da ake busawa shi ne dogon nan na kan Magatakarda, yana nan a manne da kansa, yana sosa bayansa da shi.

"Lawandi na Kwarin Ɓaure!"

"Tashi," in ji Gwadabe.

Na ce doka fa. Na ce shekara da shekaru ban taɓa ɓata tarihi ba, shi ne kaɗai abin da nake da shi, yanzu a ƙarshe in zubar?

"Ni na kiyaye ta har na mutu," in ji shi. "Dubi kaina."

Na duba. Tsohuwar hular nan tasa ce mai ɓula a gefe, wadda na san shi da ita tun muna samari. Wani abu ya taso mini daga ciki, haushi ne, na shekaru, mai zafi kamar an zuba mini barkono. Na ce a kore ni ɗin. Na ce ko fizge rawanin nan zan yi daga kan faifai in naɗa wa kaina a karkace, in kwana ɗaya da shi, gobe a ce ba Garkuwa ba ne ni. Na yanke zan tashi.

Na ce wa hannuna ya dafa ƙasa. Bai dafa ba. Na ce wa ƙafata ta janyo kanta. Ko gezau. Ba ciwon gwiwa ba ne, ba kuma nauyin Alhaji Wada ba ne, don ƙafar tasa da ƙyar ma nake jin ta. Jikin ne kawai ya ƙi. Na daɗe ina koya masa kwanciya, da cizon cinnaka, da takun 'yan kallo, da zafin rana, har ya haddace, yanzu ya fi ni sanin doka. Na yi yunƙuri da duk abin da ke cikina, ko ɗan yatsa bai ɗaga ba.

Ruwan ya ƙaru. Komai na filin ya fara tashi. Garkuwata ta ɗaga ta yi sama tana juyi, takubban katako suka bi ta, zoɓon da ke wuyana ya tattara kansa ya hau ja-ja-ja. Har cinnakun suka tafi. Ni kaɗai ƙasa ta riƙe, ni da mutanena.

"Lawandi na Kwarin Ɓaure!"

Na yi ihu na ce ga ni, ga ni nan, ina zuwa. A cikin kaina kawai ihun ya tsaya, bakin yana nan a ɗan buɗe yadda na saba barinsa. Na ji wata akuya tana ce wa 'yar'uwarta, dubi ƙwarewa, ko sunansa bai sa ya motsa ba.

Aka kawo tsani. Magatakarda ya hau da kansa har can ƙolin rawunan Alhaji Wada, ya naɗa nawa a sama. Aka yi guɗa, aka kaɗa ganga, maroƙa suka ce Garkuwa ya gaishe ku. Alhaji Wada ya sauke ƙafarsa daga bayana a hankali, har da kakkaɓe mini ƙasa. Ya sunkuyo gwargwadon yadda gorar ta bar shi, muryarsa tana rawa don tausayi.

"Kada ka damu, Malam. Riƙe maka zan yi."

Daga nan aka ce abinci ya sauka. Rassa suka naɗe tutocinsu suka nufi rumfar cin abinci, na birni a gaba, na gari a baya. 'Yan kallo suka watse. Magatakarda ya sauko daga tsani, ya miƙe ƙafa, ya bi su da ƙahonsa a kansa. Na ji ƙarar cokula daga nesa, na ji ana raba nama, na ji an fara tafiya gida. Ba wanda ya tuna ba a busa ba.

Gwadabe yana nan tsugune a gefena. Can ya tattara gyaɗarsa a bakin riga ya miƙe, ya ce an bar ƙofa ba kowa. Na roƙe shi kada ya tafi. Ya tsaya ya dube ni, irin kallon da yake yi mini in na faɗi wauta a majalisa.

"Ni da na faɗi, mutane huɗu ne suka ɗauke ni," in ji shi. "Kai wa zai ɗauke ka?"

Ya tafi. Na saurari takunsa har ya ɓace. Filin ya rage daga ni sai numfashin mutanena, kowa yana jiran in fara tashi, ni kuma ina jiran ƙaho. Sai ƙasa ta fara kaɗawa a ƙarƙashin kumatuna, wata ƙara ta taso, gurrr, tana ƙaruwa, tana shiga har cikin haƙorana.

Injin markaɗen maƙwabta ne, an tayar da shi don masu ƙosai. Na buɗe ido na ga rufin ɗakina, na ga sulkena a rataye a ƙusa. Na san na farka, na san gadona ne, amma na ci gaba da kwanciya a kife, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ban motsa ba. Mai ɗakina ta shigo da buta, ta tsaya a kaina ta ce, Malam, za ka rasa jam'i fa, ba za ka tashi ba?

Na ji bakina ya ce, "Ba a busa ba tukuna."

"Ba a busa me ba?"

Na zaro hannun daga ƙarƙashin ƙirjina da ƙyar na miƙa mata. Ta ajiye butar, ta kama da hannu biyu, ta ja ni.